Suwaitar da ta raka ni gaisuwar surukai

Duk masu tare ni a bakin masallaci suna tambayar me ya sami wuyana, ga amsar nan, ku karanta ku bar ni in huta.

Kun dai san sanyin Kumasi. Hunturu ya shigo a Janairu, da asuba ka ɗan ji shi a kunne, leɓe ya tsage, ƙarfe 9 na yi ya naɗe tabarmarsa. To saboda wannan ɗan sanyin ne abokina mai pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, ba sai na kama suna ba, ya ja ni kasuwar Kejetia wajen 'yan gwanjo, ya zaro wata suwaita mai kauri, ruwan toka, wuyanta har haɓa. An rubuta a jikinta ulu ne zalla, ɗinkin Ingila, irin wadda Turawa ke sawa su hau duwatsu cikin ƙanƙara. Ya ce in na shiga gidan su yarinyar da ita, za a ɗauka jiya na sauka daga jirgi. Sidi 80 na biya. Ya kuma hana ni sa singileti a ciki, wai zai ɓata mata zama. Wanki kuwa ko tunaninsa ban yi ba.

Ranar Asabar muka tashi daga Aboabo, ni da Kawu da shi, muka isa Asawase wajen ƙarfe 10. Aka yi mana shimfiɗa a baranda, ƙarƙashin rufin kwano. Na durƙusa na gaida Baba, na koma gefe na sunkuyar da kai kamar mutumin kirki.

Gumi ne ya fara karyowa. Sai na ji kamar tururuwa ɗaya tana yawo a ƙeyata. Kafin a gama gaishe-gaishe ta kira danginta. Daga wuya abin ya gangara ƙirji, ya zagaya hammata, ya je ya kafa sansani a tsakiyar baya, daidai inda hannu ba ya kaiwa. Wanda ya taɓa faɗawa cikin karara a daji shi kaɗai zai gane.

A daidai lokacin wan Baba ya gyara zama, ya ce tunda zumunci ake nema, ya kamata mu san asalin gidan. Ya ɗauko daga Kano. Yadda kakansu ya biyo ayarin fatake zuwa Gonja sayen goro, yadda ya zauna a Salaga, yadda yaƙin 1892 ya watsa garin kowa ya kama gabansa. Labari ne mai daɗi, wallahi, a wata rana dabam. Ni ina ci da wuta, shi kuwa a labarin nasa ko ƙetare kogi a Yeji, kan hanyar zuwa Kumasi, bai yi ba.

Ba a susa gaban surukai, don haka na shiga dabara. Na fara gyaɗa kai da ƙarfi ina cewa "Haka ne, Baba," don wuyan rigar ya goge min fata. Kuskure biyu ke nan: rigar ce ke cizon, kuma tsohon ya ɗauka labarin ne ya ratsa ni. Ya dubi Kawu ya ce, "Yaron nan yana son tarihi," ya koma Salaga ya ƙaro abin da ya tsallake. Da aka ambaci wani mamaci aka ɗaga hannu, na shafa addu'a tun daga goshi har ƙirji, sau uku, da farce. Daga ƙarshe na matsa a hankali na jingina da ginshiƙin barandar, na riƙa yin sama da ƙasa kaɗan-kaɗan, yadda akuya ke yi da katanga. Daɗin da na ji har ido na lumshe.

Ina buɗe ido na ga ƙanen yarinyar tsaye a gabana.

Bari in tsaya a kan yaron nan. Shekararsa 6. Wata takwas ina yi masa hidima. Duk zuwana zance sai na riƙo masa alewa ko biskit, ranar ƙaramar salla ni na saya masa tabarau da agogon roba. Sau nawa ana aikensa ya kira yayarsa, ya tafi ƙwallo ya bar ni tsaye a bakin kwata sauro na cina, ban taɓa kai ƙararsa ba. Yaron da in ka ce ya gaishe ka sai ya ɓuya bayan ƙofa, wai kunya. Ranar nan kunyar ta tafi hutu. Ya ƙare min kallo, ya juya, da muryar da ta isa har gidan maƙwabta ya ce:

"Baba, baƙon nan ƙazwa gare shi?"

Tsit. Tsohon ya tsaya a Atebubu. Duk idanu suka dawo kaina, ga wuyana ya yi ruɗu-ruɗu, jawur har bayan kunne. Daga bayan labule Gwaggo ta ce, "Subhanallahi, ku cire masa rigar nan mana, kashe shi za ta yi!" Na ce, "A'a Gwaggo, ba komai, lafiya lau nake." Kawu, wanda na kawo don ya rufa min asiri, shi ya miƙe ya kama gindin rigar ya ja sama.

Sai a nan kowa ya gane babu singileti. Kuma wuyan ya maƙale a kaina. Ga ni a tsaye, hannuwa sama, kai cikin duhu, tumbi a waje, Kawu na ja ina tangaɗi, ina jin yaron yana ƙyalƙyala dariya, ina jin takun mata suna leƙowa daga madafa. Ban san minti nawa aka yi ba. Da kan ya fito, abin da na fara gani shi ne Baba ya kawar da fuska yana kallon bango, kafaɗunsa na rawa. Abokina kuwa tuni ya fice, wai zai gyara wa pragya tsayuwa.

Aka aiko da man kaɗanya a murfin kwano, Kawu ya shafe min baya a gaban jama'a kamar jaririn da aka yi wa wanka. Baba ya ara min jallabiyarsa, ta tsaya min a ƙwauri. A haka aka ƙarasa maganar da ta kawo mu. Ban ji ko kalma ɗaya ba.

Matar kemis ɗin layinmu ta duba ta ce ba ƙazwa ba ce, kuma da wuya a ce borin jini ne na gaske. Gashin ulu in ya yi kauri, ya wuce kamar maikiron 30 a ma'aunin kaurin gashi, ba ya lanƙwasa, sai dai ya yi ta sukar fata kamar ƙaya, gumi kuma ya ƙara masa kaifi. Shi ya sa ulun tumakin merino mai laushi ba ya cika yin haka. Ta ce akwai kuma waɗanda jikinsu ba ya shiri da lanolin, maiƙon da ke jikin gashin tunkiya. Da na ce ban wanke ba na sa, sai ta cire tabarau ta dube ni kawai. Ta ba ni kalamin na shafe jiki fari fat kamar mai wasan tashe, da maganin ƙaiƙayi Piriton da ya kwantar da ni har na rasa azahar da la'asar.

Gidan sun ce za su aiko. Jiya na haɗu da yaron a hanyar makarantar allo, yana hango ni ya fara susar wuya da hannu biyu, abokansa suna taya shi.

Suwaitar tana wajen mai pragya. Yana sa ta da asuba a kan riga biyu, ya ce shi bai ji komai ba. Sidi 30 ya ce zai ba ni, har yau ban gani ba.