Ranar da Kawu Ya Tashi Sama

Zumunci ne ya kai ni Newcastle, can arewa maso gabashin Ingila, inda ƙanwata take aure. Ta daɗe tana min gorin cewa 'ya'yanta ba su san kawunsu ba sai ta waya. Na je, aka yi murna, aka buɗe tsarabar kuka da daddawa da yaji. Ana cikin hira da daddare sai babban ɗanta, wanda Hausarsa ke fita da ƙyar, ya matso ya ce, "Kawu, gobe za mu kai ka gidan sarki."

Uban ya ƙara min bayani. Sunan garin Alnwick, a gundumar Northumberland, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota. Zuri'ar Percy ce ke riƙe da fadar tun 1309, kuma in ka cire fadar Windsor ta sarkin Ingila, babu wata tsohuwar fada a Ingila da ta kai ta girma wadda har yau ake kwana a cikinta. Mai gidan na yanzu shi ne na 12 a sarautar Duke ta Northumberland. Iyakar abin da ya faɗa min ke nan.

To, wanda ya tashi a Kano ai ba sai an koya masa shigar zuwa fada ba. Da safe na fito cikin shuɗiyar shaddata, 'yar ciki da babbar riga mai aska takwas, na kafa zanna bukar, na fesa turare. Ƙanwata ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yaya, a haka za ka?" Na ce, "To da singileti kike so in gai da sarki?" Ta juya tana dariya ƙasa-ƙasa, ba ta ƙara cewa komai ba. Har yau ina riƙe da ita a kan wannan shirun.

Tun daga nesa na hango mutane tsaitsaye a kan ganuwa, na ce madalla, ga dogarai can, har na fara gyara hannun riga. Da muka matso, ashe na dutse ne. Babu dogari, babu zagi, babu mai algaita. Wata yarinya ce a bakin ƙofa take duba tikiti a waya. Sarki kuwa ko ƙeyarsa ban gani ba. Abin da na gani shi ne dandazon yara cikin baƙaƙen alkyabbu, kowa riƙe da ɗan tsinke, da manya masu furfura da suka yi irin shigar babu ko kunya.

A nan ne yaran suka fasa ƙwai. Wai a farfajiyar nan aka ɗauki wani sashe na fim ɗin Harry Potter na farko a shekarar 2000, wanda ya fito a 2001, aka kuma dawo don na biyu. Wurin da aka koya wa ɗaliban makarantar sihiri ta cikin fim ɗin tashi sama a kan tsintsiya, ga shi nan a gabanmu. Na duba. Ciyawa ce kawai da bango. Dogayen hasumiyoyin da ake gani a fim babu su, a situdiyo aka ƙera su can kusa da Landan. Mutane sun taso daga China, daga Amurka, daga Indiya, sun biya kuɗin jirgi, don su tsaya a kan ciyawa.

Ƙanwata da mijinta suka ce za su leƙa manyan ɗakunan ciki, inda aka ɗauki wasu sassan shirin Downton Abbey a 2014 da 2015, wanda ita take mutuwar so. Aka bar ni da yara.

Ba a jima ba wani bature mai doguwar hula ya fito yana shelar darasin hawa tsintsiya. Tsintsiyar tasu mai doguwar sanda ce. Yaran suka kama hannuna. Na turje. Na ce a garinmu namiji ko dukansa ba a yi da tsintsiya, balle a ce ya hau. Sai autar ta fara matso hawaye, wai kawu ba ya son ta. Yarinyar da na yi shekaru ina ɗokin gani. Na ce ba ni tsintsiyar.

Aka jera mu. Malam ya ce kowa ya ajiye tasa a ƙasa ya daka mata tsawa ta taso. Jama'a suka dinga ihu, babu wadda ta motsa, aka sunkuya aka ɗauka da hannu. Aka ce a hau. Na tattare riga na haye, ina ta neman tsari a hankali, ina jaddada wa zuciyata cewa wasan yara ne, ba ruwana da tsafi. Wani ɗan bature da ke gefena ya ga leɓena na motsi, ya tambayi ɗan ƙanwata ko abin da nake karantawa ne ke sa ta tashi. Ja'irin ya ce masa eh.

Sirrin abin ashe ɗaya ne: ka yi tsalle daidai lokacin da mai waya zai danna, hoto ya kama ka a sama. Kowa ya yi, ya fito abin tausayi. Da aka zo kaina, na yi ɗan tsallen da gwiwata za ta iya, sai iskar Northumberland ta samu abin da ta daɗe tana nema. Ta shige babbar rigar nan ta cika ta fam, hannayen suka baje dama da hagu, hula ta yi nata wuri. Wallahi da aka nuna min hoton ni kaina na tsorata. Babu wanda zai gani ya ce ban tashi ba.

Aka ɗau tafi. Ina kakkaɓe hula sai ga wata mata da 'ya'yanta, wai don Allah hoto ɗaya. Na yarda, don ban iya wulaƙanta baƙo ba. Kafin in juya an yi layi. Ashe ɗauka suke ni ma'aikacin wurin ne, cikin malaman makarantar. Wani dattijo ya shafa aikin wuyan rigata ya ce bai taɓa ganin kayan wasa da aka kashe wa kuɗi haka ba. Kayan wasa! Rigar da na ɗinka don ɗaurin auren 'yata. Daga baya na ji ɗan ƙanwata ke bi yana sanar da su cewa ni ne shugaban reshen Afirka.

Don in huce, aka kai ni lambun da ke maƙwabtaka da fadar, mai kuɗin shiga daban. A ciki akwai wani sashe na tsirrai masu guba da aka buɗe a 2005, da baƙar ƙofar ƙarfe da hoton ƙwarangwal. Ba a shiga sai da ɗan rakiya, ba a taɓawa, ba a sansanawa. Muka bi shi tsit. Ya tsaya gaban wata shuka, ya sassauta murya, ya ce daga 'ya'yanta ake samun guba mai kisa. Na leƙa. Zurma ce. Zurmar da ke fitowa a juji bayan gidanmu ba mai kallonta. Gaba kaɗan ga wata mai furanni a rataye, 'yar uwar zaƙami. Na ce wa ɗan ƙanwata in ya zo Kano zan zagaya da shi kyauta.

Washegari na ce yau ni zan zaɓa. Akwai fim ɗin Robin Hood na 1991 da muka sha kallo a kaset, musamman don Morgan Freeman ya fito a Musulmi. A ciki akwai wata bishiya ita kaɗai a tsakanin tuddai biyu, a jikin ganuwar da sarkin Rum Hadrian ya sa aka fara ginawa a shekara ta 122, mai tsawon mil 73. Na ji a gundumar nan take. Abin dariyar, a fim ɗin jarumin ya sauka a Dover ne zai tafi Nottingham, amma sai ga shi a nan, kamar mai zuwa Ibadan daga Legas ya bi ta Kano.

Mijin ƙanwata ya buɗe baki zai yi magana, matarsa ta taka masa ƙafa.

Muka ajiye mota a Steel Rigg muka kama hawa. Matakalar dutse, yayyafi, kashin tumaki, ni kuma da takalmin fata sau-ciki. Na hau tudu na sauka, na hau na sauka, numfashi na neman gagarata. Can yaran suka ce mun iso. Na ga tuddan biyu, na ga ganuwa, na ga ɗan shingen katako. Na ce, "Ina bishiyar?"

Wata tsohuwar baturiya da ke tsaye da karenta ita ta amsa, muryarta na rawa. Wai a daren 27 ga Satumba 2023 wasu mutum biyu suka zo da injin yankan katako suka kwantar da ita. Bishiyar da ta haura shekara ɗari, wadda aka zaɓa gwarzuwar bishiyar Ingila a 2016, wadda samari ke zuwa neman aure a gindinta. A Yulin 2025 kotu ta ɗaure kowannensu shekara huɗu da wata uku. Na tuna masu gawayin da ke share mana dazuka tirela-tirela, na haɗiye maganar. Ta nuna min tohon da ke fitowa daga kututturen tana share ido. Da na rasa abin cewa sai na yi mata ta'aziyya yadda muka saba: Allah Ya ba da haƙuri, Ya sa ta huta. Ɗan ƙanwata ya fassara, ta riƙe hannuna ta yi godiya.

Muna dawowa wurin mota waya ta samu sabis, saƙonni suka dinga shigowa ba ƙaƙƙautawa. Autar nan mai hawaye ta tura hoton jiya zauren danginmu na WhatsApp da wayar uwarta. Aminina yana tambaya yaushe na sauya sheƙa zuwa jam'iyya mai tsintsiya ban gaya masa ba. Hajiyarmu ta aiko da saƙon murya mai tsawo, farkonsa salati, ƙarshensa umarnin kada in kuskura in shiga gidanta sai na biya ta wurin liman. Na uwargida ne ya fi gajarta. Ta ce, "Maigida, ashe ka san yadda ake riƙe ta. Tsakar gida na nan na jiranka."