Kuɗin da babu rasit ba tara ba ne, mu daina canja masa suna

Tun jiya raina yake a ɓace a kan bidiyon dattijon direban nan da ya yi lodi a tashar Kawo da ke Kaduna zai tafi Maraɗi. Kun dai gani da idonku. An sa shi ya faka a gefen shinge kafin a kai iyaka, takardun motarsa suna aljihun wandon mai kaki, fasinjoji sun zube a gindin bedi, har da mai goyo tana yi wa jaririnta fifita da bakin mayafi. Shi kuwa Baba magana ɗaya yake ta nanatawa: a faɗa masa laifinsa, a rubuta, a ba shi rasit. Abin da jami'in ya yi abin kunya ne, wannan ba sai an faɗa ba. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne mutanenmu da suka juya suna ganin laifin dattijon, wai ya cika taurin kai, wai da ya miƙa naira 1,000 da tuni ya sauke fasinja ya yi la'asar a Maraɗi. Haba jama'a! Mutum ɗaya ya tsaya a kan gaskiya, mu kuma mu taru mu ce shi ne ya ɓata hanya?

Kuɗin da aka karɓa a bakin titi babu rasit cin hanci ne. Ku kira shi na goro, ku kira shi na ruwa, ku ce ihsani ne, sunansa bai canja ba. Ɗan sandan Najeriya ba shi da hurumin yanka maka tara ya zuba a aljihu. In ka yi laifi, caji ofis ne da kotu. Jami'an kiyaye haɗurra ma takarda suke rubuta maka, ka je ka biya ta banki. A ɓangaren Nijar jandarma yana iya cin tararka a nan take, amma da takardar shaida mai lamba da hatimi. Ke nan ko ta wane gefe ka tsaya, tambayar ɗaya ce: ina rasit? Dokar da ta kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC a shekarar 2000 ta tanadi ɗaurin shekara 7, kuma ba ta ware mai bayarwa ba. Kafin dokar ma, duk wanda ya zauna a makarantar allo ya ji cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai bayar da rashawa da mai karɓa.

Amma fa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yawancin masu miƙa kuɗi tun kafin a tambaye su sun san akwai abin da bai cika ba a takardunsu, kuma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Don haka aikin tun daga Kaduna yake farawa, kwana biyu ko uku kafin tafiya. Ka baje takardun a kan tabarma ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Lasisin tuƙi da bai ƙare ba. Takardar mallakar mota, lasisin motar na shekara, takardar ingancin mota, inshora, sai takardar kwastam da ke nuna an biya harajin shigo da motar. In gilashin mai duhu ne, izininsa. Daga nan ka buɗe bonet ka karanta lambar inji da lambar shasi harafi harafi, ka gwada da abin da ke rubuce. Nan ne mutanen Kaduna da yawa suke faɗuwa. An sayo inji a Fanteka, makaniki ya ɗora, mota ta tashi lafiya, aka manta da takarda. Ran da jami'i ya haska tocila ya ga lamba ba ta zo ɗaya ba, maganar ta tashi daga ta takarda ta koma zargin motar sata, kuma a nan farashin yake tashi. Ka riƙe rasit ɗin sayen injin, ka je ofishin lasisi a gyara lambar. In motar da sunan yayanka ne ko maigidanka, ka karɓi takardar izini mai sa hannunsa da lambar wayarsa, da kwafin katin shaidarsa.

Inshora kuma, ku yi haƙuri, rabin abin da ake sayarwa a gindin bishiya takardar banza ce. Tun Janairun 2023 inshorar ɓarnar wani ta ƙaramar motar gida ta koma naira 15,000. Wanda ya ce zai yi maka a naira 3,000 ya san abin da yake ba ka. Ka sa lambar motarka a shafin NIID, rumbun bayanan inshorar Najeriya, ka gani ko tana ciki. Ka kuma nemi kamfanin ya ba ka katin inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, ka tambaye su ƙarara ko ya rufe ƙasar da za ka. Wannan tambayar ta zama dole, don Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Masu ɗaga murya a shinge suna cewa yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta ba su kwana 90 babu biza, su sani cewa ɗaga murya ba ya maye gurbin takarda. Ka tafi da fasfo, da katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, na gaske wanda aka yi maka allurar. Ka tsaya a buga maka hatimin fita da na shiga. Wanda ya bi ta bayan gari a kan babur don gudun layi, kowane shinge na gaba ya zama kasuwarsa.

Motar ma tana da nata fasfon. A Magama, bakin iyaka ta ɓangaren Najeriya, ka tsaya wurin kwastam ɗinmu a rubuta fitar motarka, saboda tun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma ran dawowa wanda ba shi da shaidar fita kallon ɗan fasa-ƙwauri za a yi masa. A Ɗan Isa kuma, ta ɓangaren Nijar, ka karɓi takardar izinin shigar mota daga duwan, wato kwastam ɗinsu, wadda suke kira lese-fase. Kada ka ninke ta ka jefa a aljihu. Ka karanta ta a gabansu: lambar mota daidai ce, lambar shasi daidai ce, kwana nawa aka ba ka? Kuskuren harafi ɗaya zai bi ka har Maraɗi. Wannan takardar ana biyanta, kuma tana da rasit. Kuɗin hanya ma ana biya, kuma ana yago maka tikiti, ka adana shi don za a tambaya a gaba. Kun ga bambancin ke nan. Ba cewa nake kada a biya komai ba. Cewa nake abin da hukuma ta ɗora, takarda take bayarwa. A can lissafin ma daban ne, dala tana nufin sefa 5, jaka kuma sefa 1,000, don haka ka tabbatar ka gane adadin da aka faɗa kafin ka sa hannu a aljihu.

A but kuma a samu safaya mai iska, jak, abin kwance taya, tukunyar kashe gobara da kwananta bai wuce ba, alamar tsayawa mai kusurwa uku guda 2, da ɗan akwatin magani. Jarkokin fetur da buhun shinkafar waje kuwa, ka ɗauko wa kanka magana da hannunka.

To an tsayar da kai. Ka rage gudu tun daga nesa, ka kashe rediyo, ka sauke gilashi, ka yi sallama. Yallaɓai, barka da aiki. Mutum ɗaya ne zai yi magana, shi ne direba, sauran su yi shiru, domin fasinja mai zafin kai shi ke mayar da tsayuwar minti 5 ta zama ta awa 3. Takardu su kasance a jaka ɗaya, da kwafi aƙalla kashi 3, da hotonsu a waya. Kada ka taɓa cusa kuɗi a cikin lasisi, kada ka buɗe walat a gabansa. In za a yi bincike, kai za ka buɗe but da kanka, ka tsaya a wurin idonka a kan hannuwa har a gama. In ya ce, Alhaji, me ka zo mana da shi, ka yi murmushi ka ce sai addu'a, Allah ya sa a tashi lafiya. Da yawa a nan suke ɗaga hannu. In ya ce akwai laifi, ka ce, ranka ya daɗe, wane laifi ne, a rubuta mini. In ya ce sai an je ofis, ka ce bismillah, mu je. Wannan kalmar ita ce ba ya son ji, domin zuwa ofis yana nufin ya bar shinge, ya rubuta rahoto, ya yi wa na sama da shi bayani, alhali motoci suna ta wucewa. Jarinsa gaggawarka ce. Shi ya sa mai hankali yake barin Kaduna bayan asuba, ya bi ta Zariya, ya isa Katsina ya wuce Jibiya rana tana sama, da ruwan sha a mota da rarar lokaci a hannu. Wanda ya isa shinge da magariba yana sauri, an riga an gama da shi.

Kada ka zagi kowa, kada ka taɓa kakinsa, kada ka cusa masa waya a fuska, musamman a ƙetare inda ɗaukar hoton jami'an tsaro kaɗai zai iya sa ka kwana a hannu. Ka haddace sunan da ke ƙirjinsa, da lambar motar sintiri, da wurin, da lokacin. In an tilasta maka tura kuɗi ko an raka ka wurin mai POS, kada ka goge saƙon banki, shi ne shaidarka. Rundunar 'yan sanda tana da sashen karɓar koke, CRU, tun 2015, kuma ana kai ƙara ta waya. Ka kai.

Na san abin da za a ce. Wai albashinsu ba ya isa. Malamin firamare ma nasa ba ya isa, amma bai gindaya katako mai ƙusa a ƙofar aji ba. Wai ai naira 500 ce kawai. Ku ninka ta da shingayen da ke tsakanin Katsina da iyaka, ku ninka da motocin da ke bi kullum, sannan ku tambayi kanku daga ina direba yake mayar da ita. A kuɗin motarku take, a kan buhun albasa da ragon da kuke saye a Kaduna take. Wai ko ka kai ƙara ba abin da za a yi. Wanda bai taɓa kaiwa ba shi ya fi kowa faɗin haka. Uzuri ɗaya na yarda da shi, kuma da gaske nake: in dare ne, daji ne, mutumin yana riƙe da bindiga kuma ka ga ba ya cikin hayyacinsa, ga iyali a mota, ka ba shi ka wuce da ranka. Wannan ƙwace aka yi maka, kuma gari na wayewa ka kai rahoto. Amma kada mai miƙawa da rana tsaka saboda lasisinsa ya mutu wata 8 da suka wuce ya fake da wannan.

Tunda maganar direbobi ake, ina roƙon shugabannin tasha a Kawo da Mando su sa ido a kan saƙon da ake bai wa direba a ɗaure. Wani zai zo da kwali an naɗe shi da salatif, ya ce kayan yara ne, a miƙa wa ƙanwarsa a Maraɗi, ya biya ya juya ko lambar waya ta gaskiya bai bari ba. In jami'an NDLEA masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka farke suka ga tiramadol, direban ne zai amsa, kuma a ranar cikar takardun mota ba za ta cece shi ba. A buɗe kowane kwali a gaban mai shi, a rubuta sunansa da lambarsa a littafin tasha, a kira lambar nan take a ji ta yi ƙara a aljihunsa. Wanda ya ƙi a buɗe, ya ɗauki kayansa ya kai da kansa.