Wa Ya Goge Bencin Da Ka Zauna Ran Lahadi?

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, 'yan'uwana na Katsina da kewaye, da duk wanda wannan saƙo ya iske.

Ranar Asabar da ta wuce, tun rana ba ta yi zafi ba na shiga cocinmu, na tarar da mata huɗu. Huɗu kacal, a cocin da ran Lahadi sai an jera kujerun roba a waje saboda cika. Kun san hunturun Katsina: ko an rufe tagogi ruf, ƙura sai ta san ta inda ta shiga. In ka ɗora yatsa a kan benci, tsaf za ka rubuta sunanka. Babbarsu, wadda duk muke kira Mama, ta haura shekara saba'in. Tana riƙe da ɗan kwano tana yayyafa ruwa da hannu kafin a sa tsintsiya, don kada ƙurar ta tashi ta koma kan bagadi. Ɗaya tana durƙushe tana kankare narkakken kyandir da bayan cokali. Wata tana bin ƙarƙashin kowane benci tana tsinto abin da muka bari makon jiya: ledar fiya wata, ɓawon gyaɗa, takardar alewa, har da cingam da wani ya manna a jikin katako. Ta huɗun tana waje tana hura gawayi a dutsen guga, domin babu wuta, ga farin ƙyallen bagadi yana jira.

Ana cikin shara tsintsiyar Mama ta kwance. Ta zauna a bakin matakala, ta tattara tsinkayen, ta buga gindinsu a tafin hannunta har suka daidaita, ta ɗaure da tsohuwar robar tayar keke. Na ce, "Mama, kawo in karɓe ki, ki huta." Ta miƙo mini, ta ce, "'Yata, ba gajiya ke damuna ba. Tunanina shi ne, ranar da ba ni, wa ya san inda makullin ɗakin kaya yake?"

Tun ranar maganar nan ta hana ni sukuni, shi ya sa na zauna rubuta muku wannan.

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. To, Lahadinmu ma haka take. Lahadi girki ce da aka ɗora tun Litinin. Waƙar da ta sa ki hawaye lokacin karɓar Jikin Almasihu, wasu ne suka bar shagunansu da yamma sau biyu ko uku a mako suna maimaita ta har ta zauna. Yaron da ya riƙe kaskon turare bai zubar da garwashi ba, wani ne ya koya masa. Wanda ya yi karatu na farko bai yi tuntuɓe a sunayen annabawa ba, ya kwana yana bitarsu. Mu kuwa mukan iso a yi komai an gama, mu zauna, mu ci, mu share baki mu tafi. Wasunmu ma har da ƙorafi: fanka ba ta juyawa, wa'azin Fada, limamin coci, ya yi tsawo, 'yan kwaya sun ja waƙa.

Abin da ya fi ba ni tausayi, hannuwan da ke wannan girki ba su da yawa, kuma su ne dai su ne. Matar da ka gani a Zumuntar Mata ita ce a Rundunar Maryamu, ƙungiyar masu addu'a da ziyara, ita ce a shara, ita ce kuma za a kira in an yi rasuwa. Dattijon da ke buɗe ƙofa kafin ibadar Masa ta safe shi ne ke kulle ta da dare. Mun mayar da mutum goma jakunan ikilisiya, sauranmu muna baƙi a gidan Ubanmu.

Ina so mu ɗan dubi maƙwabtanmu Musulmi, da girmamawa nake faɗa. Da asuba, a cikin sanyin da ke shiga ƙashi, kana kwance za ka ji kiran salla, ka ji ƙarar buta, ka ji takun mutane a lungu suna nufar masallaci. Kowace rana, ba sau ɗaya a mako ba. 'Ya'yansu kuma da yamma ga su nan a layi suna tafiya Islamiyya. Mu ma ai muna da namu. Ana yin Masa a ranakun mako, ba ta fi rabin awa ba, kuma Yesun da ke bisa bagadi ran Lahadi shi ne ke nan ran Talata. Muna da addu'ar Mala'ikan Ubangiji da ƙarfe shida na safe, sha biyun rana da shida na yamma. Muna da Rosari, addu'ar da muke yi da carbi, an ma raba mana asiranta, wato al'amuran rayuwar Yesu da Maryamu da muke tunani a kansu, bisa kwanaki: na farin ciki Litinin da Asabar, na baƙin ciki Talata da Juma'a, na ɗaukaka Laraba da Lahadi, na haske kuma Alhamis, waɗanda Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya ƙara a 2002. Babu ranar da Ikilisiya ta bar mu hannu rabbana. Mu ne muka bar kayan a rataye, kamar carbin da wasu ke ratayawa a madubin mota, ya yi ƙura bai taɓa jin ɗumin yatsa ba.

Ba daga sama nake muku magana ba. Shekaru da yawa ni ma 'yar Lahadi ce zalla. Nakan shigo ana karatun Bishara, in fita da zarar na karɓi Tarayya Mai Tsarki, wato Jikin Almasihu, ban jira albarkar ƙarshe ba, wai don in riga mutane samun kurkura. Ban san sunan wadda ke zama kusa da ni ba. Sai Allah ya kawo abin da ya farkar da ni. Surukata, wadda ba ta fashin Masa ta safe, ta samu shanyewar ɓarin jiki. Bayan an sallamo mu daga asibiti muka kwantar da ita a ɗaki, bakinta ya karkace, magana ba ta fita. Ban gaya wa kowa a coci ba, don ban san wa zan gaya wa ba.

Wata Alhamis da la'asar aka yi sallama. Na fito na ga Mama da wata 'yar Rundunar Maryamu, ƙafafunsu furu-furu da ƙura, sun yi ta tambaya gida-gida kafin su same mu. Na ce wa ya faɗa muku? Mama ta ce babu kowa. Kwana tara ke nan tana ganin gurbin surukata a benci na uku babu mai shi. Suka zauna a tabarma suka yi Rosari a bakin gadonta. Mako na gaba suka dawo da Fada. Suka ce in kawo ɗan tebur, in shimfiɗa farin ƙyalle, in kunna kyandir, in ajiye ruwa a kofi. Fada ya shafa mata mai na marasa lafiya a goshi da tafin hannu, sannan ya buɗe ɗan ƙaramin gwangwanin da ya rataya a wuyansa, ya ɗaga, ya ce, "Jikin Almasihu." Matar da ta yi makonni ba mu ji kalma ɗaya sarai daga bakinta ba, ta ce, "Amin." Na fita tsakar gida na yi kuka, rabi na murna, rabi na kunya. Da ni ce na kwanta, wa zai lura gurbina babu kowa, alhali ba ni da gurbi?

Zumunci a ƙafa yake, 'yan'uwa. A Matiyu sura 25, cikin abubuwan da Ubangiji ya ce zai duba a ranar shari'a har da wannan: ya yi rashin lafiya, mun je duba shi ko ba mu je ba? Marubucin wasiƙar Ibraniyawa kuma, a sura 10 aya 25, ya gargaɗe mu kada mu bar taruwa kamar yadda wasu suka saba. Ashe tun zamanin manzanni akwai masu irin halina na dā.

Ku tuna sunan da babban cocin dayosis ɗinmu, wato yankin da Bishop ke jagoranta, ke ɗauke da shi a nan Katsina: Waliyyi Martin de Porres. An haife shi a birnin Lima na ƙasar Peru a 1579. Mahaifinsa Basifaniye ne mai sarauta, mahaifiyarsa baƙar mace ce da aka 'yanta daga bauta, kuma saboda launin fatarsa ya sha raini. Yana yaro ya koyi wanzanci, aski da ɗaurin rauni da haɗa magani. Yana ɗan shekara 15 ya shiga gidan 'yan Dominikan, wata ƙungiyar masu keɓe kansu ga Allah, a matsayin mai hidima, yana shara, yana wanki, yana aikin madafa, yana jinyar marasa lafiya. Bai taɓa zama Fada ba. Ya rasu a 1639, aka ayyana shi waliyyi a 1962, muna bikin tunawa da shi kowace 3 ga Nuwamba. Ku lura da hotonsa in kun gani: tsintsiya ce a hannunsa. Ba sandar Bishop ba, ba littafin wa'azi ba. Ikilisiya ta duba duk rayuwar mutumin nan ta ce a zana shi da tsintsiya. Mu da muke fahariya da sunansa, yaya za a yi mu ɗauki shara aikin tsofaffin mata da waɗanda ba su da abin yi? Ku maza, da ku nake musamman. Martin namiji ne.

Dayosis ɗin nan tamu jaririya ce. A watan Oktoba 2023 Fafaroma Francis ya yanke ta daga ta Sakkwato, ya ba mu Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, Bahaushe na farko da ya zama Bishop a cocin Katolika. Mun yi guɗa, mun ɗinka anko, mun cika Facebook da hotuna, kuma ya dace mu yi. Amma Bishop ba zai zo ya koya wa ɗanki alamar gicciye ba. Jaririya kuwa ba ran suna kaɗai take buƙatar mutane ba.

Ku kuma tuna da 'yan'uwanmu na karkara. Akwai ƙauyukan da Fada ba ya samun zuwa kowace Lahadi, Baba Katikis, malamin koyar da addini, shi ne ke tara mutane, ya karanta Maganar Allah, ya koyar da yara, ya binne mamata, sau da yawa da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. A watan Mayu 2021 'yan bindiga suka afka wa cocin Waliyyi Vincent Ferrer da ke Malumfashi cikin dare, suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka tafi da Fada Joe Keke. Duk da haka mutanen yankin ba su daina zuwa sujada ba. Mu da ke cikin gari, coci na nan kusa, ƙofa a buɗe, Fada na nan, me ya tare mana hanya? Ran Asabar da yamma Fada kan zauna yana jiran masu furta zunubi, wani lokaci ya gama karatun addu'arsa mutum uku ba su zo ba, washegari kuwa layin karɓar Tarayya har ƙofa. Dokar Ikilisiya ta ce a furta zunubi aƙalla sau ɗaya a shekara. Aƙalla ta ce. Wanda ke son wanka ba ya tambayar sau nawa doka ta wajabta.

Na san abin da wani zai ce: zamani ya yi tsanani, kuɗin abin hawa ya ninka, in ban buɗe shago ba yara ba za su ci ba, ni ma'aikaciyar jinya ce ina kwana a wurin aiki. Gaskiya ne, kuma Allah ya ga wahalarku. Ba cewa nake kowa ya tare a coci ba. Mai jego da mai jinya da mai aikin dare, hidimarsu tana inda suke. Amma mu da muke da awa biyu na kallon waya kowane dare, kada mu ɓuya a bayan uzurin waɗannan. Ɗauki rana ɗaya tak cikin shidan da ba Lahadi ba, ka ce wannan ta ikilisiyata ce. In kana da murya, je wurin 'yan kwaya. In kin iya karatu, taimaki Baba Katikis da ajin yara, domin shi kaɗai ne da yara fiye da yadda ido ɗaya zai iya lura. In kana da babur, akwai tsohon da ya daina zuwa Masa don ƙafa kawai. Iyaye kuma, kada mu jira sai an ce za a yi Tarayya ta farko sannan mu turo yara katikizim, ajin koyon addini, da gudu kamar masu shirin jarrabawa. Abin da aka cusa a wata biyu, a wata biyu yake zubewa.

Wata 'yar'uwa ta ce mini ta daina zuwa Zumunta saboda gulma da wariya, wai 'yan wannan yare a gefe, 'yan wancan a gefe. Ban ƙaryata ta ba, domin akwai. A coci ɗaya muna da Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Tibi da mutanen kudancin Kaduna da na Filato, kuma wani lokaci ko a gaisuwar salama sai ka ga hannu ya tsallake wani hannu. Wannan zunubi ne, mu kira shi da sunansa. Sai dai na lura da abu ɗaya: ban taɓa ganin wariyar nan a wurin shara ba. Mata huɗun da na tarar ran Asabar, yare uku suke ji, kwanon ruwa ɗaya suke miƙa wa juna.

Na karɓi makullin ɗakin kayan na je an yanka mini guda, yanzu mu biyu muka san inda yake. Asabar mai zuwa da ƙarfe bakwai na safe za mu sake haɗuwa. Mama ta ce tsintsiya akwai, a zo da tsumma da bokiti. Ana neman samari biyu da tsani, domin yanar gizo-gizo ta cika saman tagogi, fankoki kuma tun kafin Kirsimeti ba a goge su ba. Waɗanda suke wasu coci, ku tambayi katikis ɗinku wace rana ake taku. Ku kuma sa Mama a addu'a, gwiwarta ta dama tana damunta sosai tun shigowar sanyin nan.