Nunavut: doka ta ce a koyar da Inuktitut, ina malaman?

A can ƙuryar arewacin Kanada, teku kan daskare ya zama hanya. Yaron da bai iya bambance ƙanƙarar da za ta ɗauki mutum da wadda za ta rufta da shi ba, ko ya haddace littafin kimiyya, da sauransa. Wannan sani yana wurin dattawan Inuit, 'yan asalin wannan yanki: su duba launin ƙanƙara, su soka mata mashi, su lura da yadda iska ta kwantar da dusar ƙanƙara su gane gabas da yamma.

Shekara da shekaru makaranta ce ta raba yara da wannan ilimi. An kwashe su zuwa makarantun kwana, an hana su harshen iyayensu, wato Inuktitut, har sai da Firaminista Stephen Harper ya nemi gafara a 2008. Mu da aka ci mu tara don mun yi Hausa a aji mun ɗanɗana kaɗan daga ciki, kaɗan ƙwarai.

Da aka kafa yankin Nunavut a arewacin Kanada a 1999, gwamnatinsa ta ce za ta gina komai a kan abin da suke kira Inuit Qaujimajatuqangit, wato sanin da Inuit suka gada tun kaka da kakanni. Dokar ilimi ta 2008 ta yi alkawarin karatu da harsuna biyu a kowane aji kafin 2020. Ni ina tare da su. Masu cewa hakan zai mayar da yara baya su fara gaya mana inda karatun Turanci zalla ya kai su, tunda har yau Nunavut ce a baya wajen kammala sakandare a Kanada.

Inda gizo ke saƙar shi ne malamai. Gayyato dattijo ya yi awa guda yana nuna ɗinkin fata, sannan a koma lissafi da Turanci, ado ne kawai. Ana buƙatar malamin da zai koyar da lissafin kansa da Inuktitut, kuma kwalejin Nunavut Arctic ba ta yaye isassu ba. Da yawan malamai daga kudancin Kanada ake ɗauko su, su ɗan jima su tafi.

A 2020 majalisar yankin ta ɗage wa'adin zuwa 2039, ƙungiyar Nunavut Tunngavik, mai wakiltar Inuit na yankin, kuma ta kai gwamnati kotu a 2021. Ban ga laifin ƙungiyar ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya shekarar da aka ɗage wa'adin zai gama sakandare tun kafin ranar ta zo.