Ƙuri'ar mata: an iya tara ta, ba a iya neman ta

A watan Janairun 2011, a dandalin Eagle Square da ke nan Abuja, Sarah Jibril ta shiga zaɓen fid da gwani na PDP tare da Goodluck Jonathan da Atiku Abubakar. Da aka gama ƙirga, Jonathan ya samu 2,736, Atiku 805, ita kuwa ƙuri'a ɗaya tak. Akwai mata cikin deliget ɗin da suka cika dandalin a daren. Tun daga lokacin, da zarar an ta da zancen mata da siyasa, sai wani ya jawo wannan dare ya ce ai mata ba sa son junansu, shi ke nan an rufe magana.

Ni ban yarda an rufe ba. Abin da daren ya nuna shi ne zama mace kaɗai ba ya gaya wa mutum inda zai dangwala. Abin da ke gaya masa shi ne ra'ayinsa a kan matsayin mace, da kuma ko jam'iyyu sun bambanta a kan wannan ra'ayin har ya zama abin zaɓe.

A Amurka sun bambanta. Tun zaɓen 1980 mata suka fi maza karkata ga jam'iyyar Democrat, kuma haka abin yake har yau. Amma a 2016 da Hillary Clinton ta tsaya, da 2024 da Kamala Harris ta tsaya, duk da yawancin mata sun zaɓe su, a cikin mata fararen fata Donald Trump ne ya fi su ƙuri'a. Mace mai zuwa coci da ke ganin zubar da ciki kisan rai ne ba ta ga dalilin bin Harris don kawai ita ma mace ce ba, kuma akwai maza miliyoyi da suka bi ta saboda sun yarda da abin da take karewa. Bayan Kotun Ƙolin ƙasar ta soke hukuncin Roe v. Wade, wanda ya ba mata 'yancin zubar da ciki, a 2022, layin ya ƙara fitowa fili. Rigimarsu tasu ce, ba na fatan a kwaso mana ita. Abin da nake hange a wurinsu guda ne: ɗan takara ba shi da damar yin shiru a kan batun mata, domin shirun ma yana da farashi ranar zaɓe.

Mu nan shiru kyauta ne. Cikin mutum miliyan 93.4 da INEC ta yi wa rajista kafin zaɓen 2023, kashi 47.5 cikin ɗari mata ne. Amma a ɗauki manyan jam'iyyunmu a jera, a tambayi kowace mace a Nyanya ko Kubwa wacce ce ta bambanta da 'yar'uwarta a kan haihuwa a asibiti, ko karatun 'ya mace, ko ciyar da yara bayan saki. Abin da za ta iya bambancewa shi ne launin atamfa. Kowace jam'iyya tana da shugabar mata, kuma aikin da aka fi saninta da shi shi ne cika mota ranar gangami da rabon anko da taliya da sabulu. Ana ba mace fom kyauta ko da rangwame, sai a kai ta gaban deliget da wani uban gida ya riga ya gama da su.

Ranar 25 ga Fabrairun 2023, lokacin da takardar naira ta yi ɓatan dabo, na tsaya a layin mata bayan wata dattijuwa da ta zo da kujerarta 'yar tsugunno. Na ce, "Inna, da kin huta a gida, ga rana." Ta ce, "'Yata, tun zaɓen Shagari nake fitowa, ban taɓa fashi ba." Na tambaye ta ko akwai ɗan takarar da ya taɓa zuwa ya ji abin da ke damunta. Ta dube ni ta ce, "Suna dai aiko da saƙo." Maganar ta zauna mini. Shekara 44 tana ba da ƙuri'a ta hannun 'yan aike.

Zaɓen Shagarin nan da ta ambata, na 1979, shi ne na tarayya na farko da matan Arewa suka jefa ƙuri'a a cikinsa, bayan 'yan'uwansu na Kudu sun riga su da aƙalla shekara ashirin. Ba daga sama 'yancin ya faɗo ba. Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka da ɗauri a zamanin NEPU saboda ta dage sai mace ta yi zaɓe, kuma Malam Aminu Kano, malami ɗan malamai, ya tsaya tare da ita. A lokacin batun mata yana raba jam'iyyu: NEPU ta su Malam Aminu tana gefe, NPC ta su Sardauna tana gefe. Saboda haka duk mai cewa maganar haƙƙin mata baƙuwa ce da Turawa suka kawo jiya, ya koma ya karanta tarihin Kano da Zariya.

Na san kalmar "feminis" ta zama zagi a bakin da yawa daga cikinmu, kuma na fahimci dalili. Wasu masu amfani da ita sun zo da raini ga aure da addini, suka sa mace mai hijabi ta ji ba da ita ake ba. Amma 'yan siyasa sun ci ribar wannan ƙyamar fiye da kowa. Da zarar mace ta ce a yi maganar kuɗin tiyatar haihuwa ko gadon marayu da dangi suka danne, sai a laƙaba mata sunan, ta koma kare kanta, tambayar ta bi ruwa. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu ta dalilin ciki da haihuwa a faɗin duniya 'yan Najeriya ne. Wannan ba ya buƙatar kalmar Turanci kafin ya zama batun zaɓen shugaban ƙasa.

Ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata, ciki har da na ware musu kujeru. Mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar. Shekara ba ta cika ba aka shiga zaɓe, ban ji gangami ko ɗaya da aka tsare ɗan takara a kan yadda 'yan jam'iyyarsa suka kaɗa ƙuri'a ranar ba. Aka fito da Majalisar Dattawa mai kujera 109, mata uku a ciki, sai daga baya kotu ta ƙara ta huɗu. Ɗaya daga cikinsu, Ireti Kingibe, mu mutanen Abuja muka zaɓe ta, maza da mata, ta kayar da sanata mai ci da ya daɗe a kujerar.

Kafin 2027, ƙungiyoyin matan kasuwa da na Islamiyya da zumuntar mata ta coci-coci da kowace mai adashi a unguwa suna da abin da 'yan takara ke nema. Ina so in ga ranar da shugabar mata za ta shigo da buhun atamfa, a ce mata, "Hajiya, ajiye tukuna, me mai gidan naki ya ce a kan asibitin unguwarmu da ba ungozoma da dare?"