Jirgin Hébé: ba kyaftin kaɗai ya yi asara ba

A ra'ayina, an zalunci kyaftin ɗin jirgin Hébé fiye da kima, kuma masu ba da labarin sukan tsallake wurin da ya fi daɗi.

A shekarar 1782 Faransa ta ƙera Hébé a Saint-Malo, ɗaya daga cikin matsakaitan jiragen yaƙi masu tafiya da iska, bisa zanen Jacques-Noël Sané. Sabo fil yake lokacin da jirgin Ingila mai suna Rainbow ya tare shi ranar 4 ga Satumba kusa da gaɓar yankin Brittany na Faransa. Rainbow tsohon jirgi ne, amma an ɗora masa wasu gajerun igwa na kamfanin Carron na Sikotilan, masu jefa ƙaton harsashi idan an matso kusa. Da harsasan farko suka faɗo, kyaftin ɗin Hébé ya duba girmansu ya yi lissafi: in na saman jirgi ke nan, to ina ga na ƙasa? Sai ya sauke tuta, ya miƙa wuya. Kotun sojan Faransa ta tuɓe shi, ta ɗaure shi.

To, don Allah, me zai yi? Ya tsaya a ragargaza mutanensa don a ce jarumi ne? Lissafinsa daidai ne, igwan ƙasan ma sun ninka na saman nauyi.

Asarar gaske ta zo daga baya. Turawan Ingila ba su ji kunyar cewa maƙiyinsu ya fi su iya zana jirgi ba. Suka auna Hébé ciki da waje, suka kwafi fasalinsa, daga nan aka samu jerin jiragen da ake kira Leda, sama da 40, na farkonsu a 1800. Cikinsu har da Shannon, wanda ya kama jirgin Chesapeake na Amurka a bakin Boston a 1813. Wato Faransa ta yi zane, Ingila ta ci moriya shekara da shekaru.

Shi kansa Hébé an sauya masa suna zuwa Blonde, aka wargaza shi a 1811. Amma biyu daga zuriyarsa suna nan har yau a kan ruwa: Trincomalee, da aka ƙera a Bombay a 1817, yana Hartlepool a Ingila, Unicorn kuma yana Dundee a Sikotilan.