Kwalta ta yi kyau a Damagaram, saura a rage mata gudu

Tun da aka yi bikin Zinder Sabuwa, wato bikin ranar Jamhuriyar Nijar da aka yi a Damagaram, a watan Disambar 2018, wasu hanyoyin garinmu suka canza kama. Inda da sai ka yi ta kaucewa ramuka, yanzu santsi ne. Mun gode, ba wanda zai ce a mayar da ramukan. Sai dai akwai abin da ba mu cika faɗa ba: ramin nan da muke zagi shi ne yake taka wa direba birki. Da aka cike shi, ba a ajiye wani abu a madadinsa ba. Hanya ta miƙe, ta faɗaɗa, sai ƙafa ta yi nauyi a kan totur, alhali mutanen da ke gefenta suna nan yadda suke: 'yan makaranta, almajirai da robobinsu, mai tallar fura, tsoho mai sanda da zai tsallaka zuwa masallaci.

'Yan uwa, ni a ganina gudu ne babban mai kashe mu a cikin gari, sauran duk mataimakansa ne.

Lissafin ba shi da wuya. Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a cikin daƙiƙa guda. Kafin direba ya ga yaro ya fito daga bayan adaidaita, hankalinsa ya ce masa taka birki, daƙiƙar nan ta wuce, mita 14 sun tafi, ƙafarsa ma ba ta sauka ba. Mai gudun 30 kuwa mita 8 ya ci a wannan lokacin. Kuma in gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninkawa take sau huɗu. Ku ƙara da rairayin da iska ke shimfiɗa mana a kan kwalta, wanda taya ke zamewa a kai, da birkin da ya sha jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai tafiya a ƙasa in mota ta buge shi tana gudun 65, haɗarin mutuwarsa ya ninka na gudun 50 sau huɗu da rabi. Kilomita 15 kacal ne tsakani, abin da direba ba ya ko jinsa a jikinsa.

Hukumar ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara a duniya, kuma daga ɗan shekara 5 zuwa 29 babu abin da ya fi haɗarin hanya kashewa. Fiye da rabin mamatan ba a cikin mota suke ba, masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Afirka ce ke da mafi ƙarancin motoci, ita ce kuma kan gaba a yawan mutuwa idan aka auna da yawan jama'a.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke rufe maganar. An buge yaro, an kai shi makwanci, dangin direba sun zo gaisuwa, uban yaro ya ce "ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare, mun yafe." Wannan halin kirki ne, ba ni da bakin kushe shi, kuma ajali gaskiya ne. Amma yafiyar uba haƙƙinsa kaɗai ta ɗauke. Ba ta amsa tambayar da ta rage wa gari ba: me ya sa a wannan kwanar ake yawan buge mutane? Addininmu ma bai ɗauki kisan kuskure da wasa ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 92, an ɗora diyya, an ɗora kaffara, har azumin wata biyu a jere. Dangi na iya barin diyya, kaffara kuwa tana nan a wuyan mai ita. Ina so in ji malamanmu suna tsayawa a kan wannan ayar a huɗubar Juma'a, su kira gudun wuce sa'a da sunansa.

A ƙasar Suwidin, a 1997, majalisarsu ta amince da wani tsari da ya juya tunanin gaba ɗaya. Suka ce ɗan Adam dole ya yi kuskure, saboda haka a gina hanya yadda kuskurensa ba zai zama ajalinsa ba. A 2019 babu mai tafiya a ƙasa ko ɗaya da mota ta kashe a birnin Oslo na Nowe, haka ma Helsinki na Finland. Na san me za a ce: su masu kuɗi ne. To, amma abin da suka fi dogara da shi ba tsada gare shi ba, rage gudu ne zuwa 30 inda mutane da motoci ke cakuɗa. Taron ministocin duniya a Stockholm a 2020 ma shawarar da ya bayar ke nan.

A wajenmu allo mai rubutun 30 ba zai tsayar da kowa ba, kuma ɗan sanda ba zai kwana a kowace mahaɗa ba. Abin da ba ya barci, ba ya kuma sauraron "yi haƙuri ranka ya daɗe", shi ne tudun rage gudu. A yi shi a ƙofar kowace makaranta, da kewayen Kasuwar Dole, da gaban tashoshin mota da asibitoci. Amma na ƙa'ida, mai faɗi, mai fenti, wanda ake hangowa da dare. Irin wanda 'yan unguwa ke tulawa da laka da duwatsu bayan an buge musu yaro, na fahimci zafin zuciyar da ya sa su, sai dai shi ma yana kayar da masu babur. Aikin ma'aikatar magajin gari ne da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa, ANISER, su riga mutane yin sa.

Sai manyan motoci. Hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Diffa ta nan take bi, ga ta Tanout zuwa Agadez, ga masu zuwa Magaria da Matameye har iyakar Najeriya. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 tankokin mai suka ƙaru. Direban tirela ba ya ganin abin da ke dab da tayarsa. Ko ba komai, a hana su ratsa gari a lokacin shiga da tashin 'yan makaranta.

Matasanmu 'yan kabu-kabu, ban zo zaginku ba. Na san akwai kuɗin mai babur da za a kai da yamma, ga mai, ga cefane, shi ya sa ake tsere a kan fasinja. Na kuma san zafin watan Afrilu, ba wanda ke sha'awar rufe kansa da hular kwano. Amma ƙafa in ta karye ana ɗori, kai in ya fashe fa? Hula mai inganci, wadda aka ɗaure igiyarta, tana rage raunin ƙwaƙwalwa sosai. Wadda aka rataya a hannun babur don ganin 'yan sanda ba ta kare komai. Shugabannin fada-fada, wato majalisun hirar matasa, ku ne ake jin maganarku fiye da rediyo.

Rakiyar amarya kuwa laifin iyaye ne, ba na yara ba. Babura a jere, mutum uku-huɗu a kan ɗaya, ana ɗaga tayar gaba, ana oda, mu kuma muna guɗa. Uban da ya ba ɗan shekara 13 makullin babur ya je sayen ƙanƙara, shi ma ya san abin da ya yi.

Masu amalanke da ke shigowa da itace ko ciyawa bayan magariba, ƙyalle mai ƙyalli na 'yan kuɗi kaɗan a bayan amalanken ya isa mai mota ya hango ku. In kuma haɗari ya faru a gabanku, ku ajiye ɗaukar hoto da waya, ku kira 18, lambar 'yan kwana-kwana. Wanda ya bugu a wuya ko baya kada a ciccibe shi a naɗe a kan babur, kada a ɗura masa ruwa. A tare masa hanya, a danne inda jini ke zuba da ƙyalle mai tsabta har masu agaji su iso.